Giɓin Sakan Uku: Labarin Canja Faifai a Ɗakin Uwar Garke

Gabatarwa

 

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da faifan kwamfuta, har zai cika mana mujalla da zancen injiniyoyi? Tambaya ce mai kyau, ni ma kuwa da irinta a raina na fara shiga ɗakin da zan ba da labarinsa. Amsar ita ce, muryoyin mutanen da muke nazarin waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu sun bar cikin kaset, sun koma zama a cikin wani akwatin ƙarfe da ke gunji dare da rana a ƙarshen barandar sashenmu. Duk wanda ya damu da adabin baka, tilas ne ya damu da lafiyar wannan akwati. Saboda haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona a watan Janairu na 2024, sa'ad da faifai ɗaya ya mutu muka tashi canja shi, da abin da muka yi asara, da kuma abin da na fahimta daga bisani.

Yadda Muryoyi Suka Shiga Akwati

Sashenmu ya gaji kaset-kaset masu yawan gaske. Malamanmu na farko da ɗalibansu sun kutsa ƙauyuka a shekarun 1970 da na 1980, da rakoda a rataye da batura a aljihu, suka ɗauko waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, da kirarin mafarauta da na maƙera, da tatsuniyoyi, da hirarrakin tarihi daga bakin dattawa. Galibin waɗanda aka ɗauki muryoyinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa kaset ba ya dawwama. Zafi yana sa zarensa ya manne da juna, damshin damina yana haifar masa da funfuna, ƙura kuma tana cin sa a hankali.

Ganin haka sai sashe ya yanke shawarar a juye su cikin kwamfuta. Ina aji biyu aka sa ni cikin ɗalibai huɗu da aka ɗora wa wannan aiki. Mukan sa kaset a rakoda, mu haɗa ta da kwamfuta, mu zauna mu saurara har ya ƙare, domin kaset na minti 90 sai ya ci mintinsa 90 cur, ba a yi masa gaggawa. Sa'an nan mu rubuta sunan gari da shekara da irin abin da ke ciki. Wasu kaset ɗin kuwa wannan juyawa ita ce tafiyarsu ta ƙarshe, domin da an gama sai zaren ya tsinke ko ya cukurkuɗe, ya zama ba ya sake sauraruwa. A lokacin ba mu damu ƙwarai ba. Ai mun riga mun kwashe abin da ke ciki.

Duk abin da muka juye yana tafiya ne cikin wata babbar kwamfuta ta ajiya, wadda masana ke kira uwar garke, watau wadda sauran kwamfutoci ke zuwa gare ta su ajiye ko su ɗauka. Mai kula da ita wani ma'aikaci ne da ke zuwa daga ɗakin kwamfuta na jami'a, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar, kuma cikin raha yakan kira ni Malam ƙarami. Shi ne ya taɓa kwantar mana da hankali da cewa faifai biyu ne a cikin akwatin, tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta shi a ɗayan.

Mene Ne RAID?

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi ɗan bayani ga wanda bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. Faifan ajiya irin namu wani ɗan akwati ne da bai fi ƙaramin littafi girma ba. A cikinsa akwai fayafai masu santsi da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansu tana karatu tana rubutu ba tare da ta taɓa su ba. Na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 fayafai 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Namu kuwa kowanne terabayit 4 yake ɗauka, watau ya isa ya haɗiye muryoyin sashenmu duka ya bar wuri. Sai dai duk abin da ke juyawa yana gajiya, kowane faifai kuma da ranar mutuwarsa.

A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka buga wata maƙala da ta yaɗa sunan RAID a duniya. Manufarsu ita ce, maimakon a dogara ga faifai ɗaya babba mai tsada, a haɗa ƙanana masu araha su yi aiki kamar guda, ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da ajiyar ba. Tsarin yana da matakai. A RAID 1, faifai biyu ne ke ɗauke da abu iri ɗaya sak. A RAID 5, ana bukatar aƙalla uku, ana rarraba ajiyar a kansu tare da wani lissafi na cike giɓi. Alal misali, in aka rubuta 7 a nan, 5 a can, aka ajiye jimlarsu 12 a wuri na uku, to ko da 5 ta ɓata ana iya fitar da ita daga sauran biyun. Lissafin da kwamfuta ke yi ya ɗan bambanta da wannan, amma hikimar ɗaya ce. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuwa, wanda ke bukatar aƙalla huɗu, yana jure mutuwar biyu.

Ana iya tafiyar da wannan haɗi ta hanya biyu. Ko dai a sayi wani kati na musamman a sa a cikin kwamfutar, ko kuwa a bar manhaja ta yi aikin. Tamu uwar garken tana tafiya ne da Linux, kuma manhajar da ke kula da haɗin sunanta mdadm, wadda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001. Injiniya ya ce ya zaɓi hanyar manhaja ne domin in akwatin kansa ya lalace, ana iya zare fayafan a kai su wata kwamfuta mai Linux su tashi, ba sai an shiga kasuwa neman kati irin na da ba. Namu tsarin RAID 1 ne, watau tagwayen nan da na ambata.

Ranar da Muka Gano

Wata ranar Alhamis cikin hunturu Injiniya ya zo kakkaɓe ƙurar da ta taru a akwatin. Ina ɗakin ina juye wani kaset. Da ya gama sai ya ce bari ya duba lafiyar tagwayen. Akwai wani ɗan shafi a Linux da ake kira mdstat, wanda ke nuna halin da haɗin yake ciki. In duka biyun suna lafiya, akan ga harafin U guda biyu a jere. Ran nan U ɗaya muka gani, sai wata 'yar layi a ƙasa inda na biyun ya kamata ya tsaya. Injiniya ya yi shiru, ya jawo kujera ya zauna.

Da ya bincika tarihin da kwamfutar ke rubuta wa kanta, sai ya tarar tun watan Satumba na 2023 aka fitar da faifai ɗaya daga haɗin, saboda ya riƙa kasa amsa kira. Wata huɗu ke nan muna tafiya da ƙafa ɗaya ba mu sani ba. Ba mu kuwa da yadda za mu sani, domin aikin RAID ke nan, ya ɓoye wa mai amfani mutuwar faifai, komai ya ci gaba da buɗewa kamar jiya. Manhajar ba ta yi shiru ba, ta aika da saƙon gargaɗi tun ranar da abin ya faru. Amma saƙon ya tafi ne akwatin imel na wani ma'aikaci da ya daɗe da barin aiki, ba wanda ya tuna a canja adireshin.

Na ce, "To, Injiniya, ai abin da sauƙi. A sayo sabo a sa, ya kwafa daga mai rai."

Ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, a nan ne ake yin asarar. Mutuwar faifai ɗaya ba ta cika kashe ajiya ba, wajen sake gini ne take mutuwa."

Sai ya yi mini bayani. Sa'ad da aka sa sabon faifai, tilas a karanta tsohon tun daga gurbinsa na farko har na ƙarshe, ba hutawa, na tsawon sa'o'i. A cikin guraben nan akwai waɗanda aka yi shekaru ba a leƙa su ba, ba wanda ya san ko suna karantuwa. Masu ƙera faifai da kansu sukan rubuta a takardar bayanin irin na kasuwa cewa ana iya cin karo da kuskuren karatu ɗaya a cikin bit tiriliyan 100, watau kimanin terabayit 12 da rabi, wannan kuwa ga faifai mai lafiya ke nan. Daɗin daɗawa, tagwayen namu rana ɗaya aka sayo su, kamfani ɗaya, zubi ɗaya, zafi ɗaya suka sha, ƙura ɗaya suka shaƙa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya tambayi faifan mai rai labarin kansa da wata manhaja mai suna smartctl, faifan ya nuna ya yi aiki fiye da sa'a 30,000, kusan shekara uku da rabi ke nan, kuma yana da wasu gurabe da shi kansa yake shakkar lafiyarsu.

Saboda haka Injiniya ya ce ba za a taɓa kome ba sai an kwashe fayilolin duka zuwa wani wuri dabam. Ya aro faifan waje daga ofishinsu, muka sa kwafi, muka tafi gida. Da safe muka tarar komai ya wuce lafiya, in ban da fayil ɗaya da ya ƙi karantuwa.

Fayil Ɗin da Ya Ƙi

Da na ga lambarsa sai gabana ya faɗi, domin ni na juye shi da hannuna. Waƙar niƙa ce ta wata tsohuwa, wadda aka ɗauka a wani ƙauye a 1979. Ina tune da ita saboda ana jin ƙarar dutsen niƙa a ƙarƙashin muryarta, da kukan kaji daga nesa, da yadda take dakatawa ta ja numfashi in ta tura ɗan dutsen gaba. Ina kuma tune da cewa kaset ɗinta yana cikin waɗanda suka cukurkuɗe bayan juyawa.

Injiniya ya kawo wata manhaja da ake kira ddrescue, wadda aka yi ta domin irin wannan rana. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa gardama da wurin da ya lalace. Takan fara kwashe duk abin da ke karantuwa, sa'an nan ta komo ta riƙa matsowa kusa da ɓarnar daga gaba da baya, tana gwadawa tana sake gwadawa. Muka bar ta wuni guda. A ƙarshe abin da ya gagara bai wuce kilobayit 512 ba. Yadda muke ajiye sauti, kowane sakan ɗaya yana cin bayit 176,400, saboda haka abin da ya salwanta kimanin sakan uku ne. Na sa abin sauraro a kunne. Tsohuwar tana cikin ambaton mahaifiyarta da inda ta fito, sai murya da dutse da kaji suka ɗauke ɗif, sa'an nan suka komo kamar ba abin da ya faru.

Yanzu sai shawara ta zo. Ba za a iya sake gini kai tsaye daga wannan faifai ba, domin karatun zai zo ya ci karo da wurin nan. Injiniya ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a rubuta wani abu a kan guraben da suka lalace, domin in aka yi haka faifai yakan jingine su ya ɗauko wasu daga cikin na ajiyarsa, sai gini ya wuce. Wannan ta fi sauƙi da araha, faifai ɗaya kawai za a saya, amma duk abin da ya rage a wurin an binne shi ke nan har abada. Ta biyu, a sayi sababbi biyu, a kwafe tsohon ɗungurungum zuwa ɗaya, a gina ɗayan daga gare shi, a ajiye tsohon yadda yake ba a taɓa shi ba.

Muka tafi wurin shugaban sashe. Ni ba a saba jin bakina a ofishinsa ba, amma ran nan na ce, "Ranka ya daɗe, in da hali kada a rufe ƙofar. Wataƙila wata rana a sami wanda zai iya buɗe ta." Ya tambayi kuɗin, ya yi shiru na ɗan lokaci, domin kuɗi ne da ba a tanade su ba. Sa'an nan ya ce a sayo biyun. Ya ƙara da cewa malamin da ya ɗauko waƙar shi ne ya koya masa adabin baka, kuma ya rasu.

Canja Faifai

Ranar Litinin fayafai suka iso. Abin farko da Injiniya ya yi shi ne ya gwada girmansu, domin sabo ba ya yiwuwa ya gaza tsoho ko da da gurbi ɗaya ne, alhali kuwa faifai biyu na iya ɗaukar suna ɗaya a kwali su ɗan bambanta a ciki. Bayan haka ya sanar da mdadm cewa an cire mataccen daga lissafi, ya kashe kwamfutar, ya buɗe akwatin, ya ce in zaro wanda ya mutu.

Linux yana kiran fayafai da sda da sdb, kuma na ga a allo cewa sdb ne ya mutu. Na ce a raina, na biyu ke nan, watau na ƙasa. Na kai hannu. Injiniya ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Karanta lambar." Ashe waɗannan sunaye ba su da alaƙa da sama ko ƙasa, kwamfuta tana raba su ne bisa ga wanda ta fara gani, har ma suna iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. Abin dogara shi ne lambar shaida da aka buga a jikin kowane faifai, wadda ya riga ya kwafa a takarda. Na karanta harafi bayan harafi. Na ƙasan da na kai wa hannu shi ne mai rai. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne mataccen bai mutu sarai ba, wani lokaci yakan farfaɗo. Da mun bar shi a ciki ya tashi, da ajiyar watan Satumba za mu kwafe a kan sababbin fayafai muna murna, aikin wata huɗu kuwa yana kwance a kwalin tarkace.

Muka zare na sama, muka sa sabo, muka tayar da kwamfutar daga filasha, ddrescue ta kwana tana kwafe tsohon zuwa sabon. Kashegari muka zare tsohon, Injiniya ya naɗe shi a leda, ni kuma na rubuta a jikinsa kwanan wata da abin da ke ciki. Dole ne a zare shi kafin a tayar da haɗin, domin kowane faifai na RAID yana ɗauke da wata 'yar shaida da ke faɗin haɗin da yake ciki da matsayinsa, kwafin kuwa ya ɗauko har da ita. Wannan ya tuna mini da kalmar da marubutanmu na da ke sawa a gindin shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, domin in takardu suka warwatse daga gafaka a san wadda ke bin wata.

Sai muka sa sabo na biyu. Injiniya ya kwafa masa taswirar rabon faifai daga ɗan'uwansa, kuma kafin ya danna ya sa na karanta masa umarnin da ƙarfi sau biyu, domin in aka juya mai bayarwa da mai karɓa, taswirar wofi ce za ta hau kan mai ajiya. Ya shigar da shi cikin haɗin, ya kuma sa masa manhajar tayar da kwamfuta mai suna GRUB, wadda ya ce mutane da yawa kan manta da ita, sai ranar da na farko ya mutu su tarar ajiyarsu tana nan amma kwamfutar ba ta tashi. Daga nan mdstat ya fara ƙirga. Gudun ya kai kimanin megabayit 150 a sakan, aka ƙiyasta mana sa'a bakwai zuwa takwas.

Da ƙirgar ta wuce kashi 60 cikin 100, bayan sallar isha'i, sai aka ɗauke wuta. Batirin ajiya ya fara kuka. Injiniya ya ce ba zai riƙe mu fiye da minti goma sha biyar ba, janareto kuwa ba a tayar da shi da dare. Na ɗauka aiki ya koma farko. Shi kuwa bai ko tashi tsaye ba, ya ba kwamfutar umarni ta kashe kanta a tsanake, ya ce in aka kashe ta ta hanyar da ta dace, takan rubuta inda ta tsaya, ta ci gaba daga nan.

Hira Cikin Duhu

Muka zauna da fitilar waya muna jiran wuta. Na tambaye shi abin da ke damuna tun ranar Juma'a, watau yaushe ne wurin nan ya lalace, kuma me ya sa ɗan'uwansa bai cece shi ba tun yana da rai? Ya ce ba wanda zai iya sanin ranar. Amma akwai wani bincike da tsarin ke iya yi, ya karanta fayafan duka biyu daga farko har ƙarshe yana gwada su da juna, in ya tarar da gurbin da ba ya karantuwa a ɗaya sai ya gyara shi daga ɗayan. A irin Linux ɗin da muke da shi an tsara wannan bincike ya riƙa tashi da kansa ranar Lahadin farko ta kowane wata, da misalin ƙarfe ɗaya na dare. To, mu kuwa a wannan lokaci akwatinmu a kashe yake, domin ba wuta a ginin a daren ƙarshen mako. Bai taɓa gudana ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Ai wannan muƙabala ce." Ya ce mece ce muƙabala? Ran nan ni na zama malami. Na gaya masa cewa a al'adar rubutun hannu, in almajiri ya gama kwafe littafi ba a ɗaukar aikin ya kammala sai an zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin kwafi da ido, ana gyara abin da ya kauce, har akan sa alama a gefen shafi inda aka tsaya. Magabata sun san cewa kwafin da ba a gwada shi da asalinsa ba, zato ne kawai ake yi masa. Injiniya ya yi dariya ya ce ashe sana'arsu ta girmi kwamfuta. Wuta ta komo wajen ƙarfe sha ɗaya, ƙirga ta ci gaba daga inda ta tsaya, kafin asuba muka ga U biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Abin da Takarda Ta Mayar

Bayan mako biyu, ina binciken wani abu dabam a ɗakin karatu na sashe, na ci karo da kundin digiri na wani ɗalibi na 1980, bugun tafireta, takardunsa sun yi ja. A ratayen kundin ya rubuta waƙar tsohuwar nan baki ɗaya. Na bi ta layi layi da abin sauraro a kunne har na iso giɓin. Abin da ya ɓata sunan garin mahaifiyarta ne da wata kalma ta yabo da ta biyo bayansa. Na yi murna ƙwarai, amma murnar ba ta cika ba. Mu ɗaliban Hausa mun san rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Na kuma lura a wasu layukan ɗalibin ya gyara karin harshen tsohuwar ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Saboda haka mun san abin da ta ce, amma yadda ta faɗe shi yana cikin faifan da ke naɗe a leda, in ma yana nan.

Duk da haka, abin lura shi ne wanda ya cece mu. Tagwayen faifan sun kasa, domin wuri ɗaya suke zaune, cuta ɗaya ke kama su. Takarda ce ta yi ceton, wadda ke wani ɗaki dabam, aka yi ta da wani abu dabam, ta hannun wani mutum dabam. Injiniya ya sha gaya mini cewa RAID maganin mutuwar faifai ne kurum. In wani ya goge fayil bisa kuskure, a take ake goge shi a duka biyun. In gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, ko tsawa ta biyo waya, tare za su tafi. Tarihi ma ya nuna haka. A watan Janairu na 2013 an hallaka rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu, amma mafi yawan taskar garin ta tsira domin tana warwatse a gidaje, an kuma yi ta kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako tun 2012. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, su ma ba a gafaka ɗaya suka zauna ba. An kwafe su a gidaje, jajoji kuma sun haddace su sun kai wa mata a ƙauyuka.

Kammalawa

Daga wancan lokaci an yi gyare-gyare a sashenmu. Saƙon gargaɗi yana zuwa ga mutum uku, ɗaya daga cikinsu malami ne na sashe. An mayar da muƙabalar fayafai ranar aiki da hantsi, sa'ad da ake da wuta. Ana bin ƙa'idar nan ta masu adana kayan tarihi, watau kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam. Kaset ko ya cukurkuɗe ba a yar da shi. Ni kuma duk ranar Litinin nakan leƙa ɗakin in ga U biyun nan da idona, ina kuma koya wa ɗalibai biyu na aji ɗaya yadda ake dubawa, domin na kusa gamawa, kada adireshina ya zama irin na wancan ma'aikaci.

Kirana ga malamaina shi ne a sa wannan ɗan ilimi cikin darasin dabarun bincike, kusa da yadda ake hira da dattawa da yadda ake juyar da magana zuwa rubutu. Ba sai mun zama injiniyoyi ba, amma ya kamata wanda ya san darajar abin da ke cikin akwati ya iya tambayar lafiyarsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa shi ne, duk wanda ya ɗauko muryar wata tsohuwa a wayarsa domin kundinsa, ya tambayi kansa yau a wuri nawa take, kuma yaushe rabon da ya saurare ta har ƙarshe.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ba mu muryoyinsu da waɗanda suka ɗauko su, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.